Babur ɗin Shugaba a Ƙofar Gidan Biki

"Tayar da shi," in ji Sufeto Kuroiwa, uban amarya, yana nuna wa ango jan babur ɗin da ya sa aka gunguro ƙofar gidan bikin. Ankwa na leƙowa daga aljihunsa.

Mu tsoffin 'yan dabar babur ta Jajayen Diloli da muka zo bikin, nan take muka gane shi. Babur ɗin shugabanmu ne da 'yan sanda suka ƙwace. A kansa aka je aka ƙona garejin abokan gaba, aka tura motar sintiri cikin kogin Naka. Sufeto ya tsufa bai ga fuskar mai shi ba, kullum tana rufe. Kukan injin kawai ya sani, don kowane shugaba da kiɗan totur ɗinsa. Namu gajere, gajere, sai dogo mai tsaga kunne.

Ango Motoharu, mai sayar da awara, ya yi ta fama har ya jiƙe da gumi.

"Baba, ni ko keke da ƙyar nake hawa."

Sufeto ya ƙyalƙyale da dariya, ya rungume shi. "Yafe min, ɗana. Na zarge ka a banza, na ɗauka kai ne mai babur ɗin."

Amarya Chizuru ta tattare farar rigarta ta kimono tana dariya. "Matsa, kana shaƙe shi da mai."

Bugu ɗaya ta yi masa ya tashi. Hannunta ya murɗa totur da kansa. Gajere, gajere, dogo.

Kafin mu ankara mun jeru mun rusuna. "Barka da fitowa, Shugaba!"

Sufeto ya daɗe yana kallon 'yarsa.

"Shi ya sa," ya ce a hankali, "duk ranar da na dawo daga farautarki, kike miƙo min shayi kina haki."