Ɗan Buzun Da Ya Ari Rawanin Ubansa

Gyara zama ka ji wannan, Alhaji, kafin ka sake cewa ba ka san inda 'ya'ya suke kwaso halinsu ba.

An yi wani Buzu da ya gangaro daga Azbin shekarar da fari ya cinye masa raƙuma. Ya iso birni daga shi sai takobi, da butar shayi, da matarsa mai tsohon ciki, ya samu gadi a gidan wani attajiri. Kullum fuskarsa tana cikin rawani, idanu kawai ke waje, su ma ba su san wasa ba. Yakan ce wa ɗansa talauci ba abin kunya ba ne, amma baƙo ba ya wasa da mutuncinsa, kuma duk ranar da ya ji ɗansa ya tsaya gaban jama'a ana ƙyaƙyata masa dariya, to ya cire hannunsa daga kansa. Ka ga ikon Allah kuwa, ɗan nan da aka haifa a ɗakin gadi ba shi da wata baiwa a duniya sai ba mutane dariya. Aka kai shi koyon ɗinki, ya dinga kwaikwayon maigidansa har aka kore shi. Bai faɗa a gida ba, ya zarce wurin 'yan wasan kwaikwayo. Ya fito a boka, aka yi hamma. Ya fito a ɗan sanda, yara suka tafi tallarsu. Ranar da ya naɗa rawani ya fito a tsohon maigadi mai barci a zaune yana rantsuwa idonsa biyu, ranar gari ya ɗauka. Wa yake kwaikwayo? Ubansa mana! Tafiyar nan ta sannu-sannu kamar yana tausayin ƙasa, da yadda yake cusa kofin shayi ta ƙarƙashin rawani don kada a ga bakinsa, duk a gida ya kwaso su.

Har rawanin ma na uban ne, wani turkuɗi mai sheƙi da tsohon ke ɓoyewa a akwati sai ranar Sallah. Saurayin ya ce ai ba sata ba ce, aro ne. Abin da ɗan birni bai sani ba, turkuɗi shuni ake daka masa, da ka yi gumi sai ya zuba a jikinka. Yakan wanke fuska tas da sabulu kafin ya koma gida, amma wa ya taɓa ganin bayan kunnensa? Haka zai zo ya durƙusa gaban tsohon, ya ce yau ɗinki ya yi yawa a shago, ga bayan kunnuwa shuɗaye kamar hannun marini. Tsohon ya duba, ya amsa gaisuwa, ya ci gaba da shan shayinsa.

Ran nan aka shirya babban wasa bayan la'asar, har masu shirya fim suka zo neman sabuwar fuska. Saurayin ya fito yana taƙama, sai ya hangi tsohon zaune a sahun gaba, takobi a kan cinya. Gudu ba dama, ci gaba ba dama. Ya yi wasan a tsorace, yana tsallake nan yana rage can, barcin ma ya kasa yi masa minshari. Fili ya yi tsit. Can sai tsohon ya miƙe, ya hau dandamali. Saurayin ya zube a ƙasa yana kuka, don ya tabbata yau tsinuwa ce a bainar jama'a.

"Kai, yaro," in ji tsohon, "wannan lalatacciyar tafiyar ce tawa? Ni nake barci haka kamar akuya mai zazzaɓi? Ka ɗauki rawanina, na yi shiru. Na laɓe a baya na kalle ka ba sau ɗaya ba, na ce yaron nan da dama-dama. Yau da na zo gaba shi ne za ka kunyata ni? Matsa can!"

Wallahi tsohon nan ya zauna ya yi gyangyaɗi, ya zabura, ya zare takobi ya kai wa tabarma sara, ya waiga ya ga ko an gan shi, ya koma ya gyara zama kamar waliyyi. Mutane suka dinga faɗowa daga kan benci. Bai tsaya nan ba, ya durƙusa ya yi muryar ɗan nasa yana ƙaryar ɗinki, yana sosa bayan kunne yana duba yatsa. Ashe a ƙuruciyarsa shi ne mai ba ayarin gishiri dariya a hanyar Bilma. Tsoron rainin da ake yi wa baƙo ne ya sa ya binne abin, ya kuma so ya binne na ɗansa, sai abin ya fi ƙarfinsu su biyun.

Nan a gaban kowa ya dafa kan ɗan ya sa masa albarka. Masu fim suka ɗauke su tare, amma suka ce maigadi dai tsohon ne zai riƙa fitowa. Saurayin ya samu albarka, ya rasa gurbi. Har ya shahara, har ya yi furfura, a ɓarawo yake fitowa, uban na bin sa da takobi. Shi ya sa Hausawa suka ce barewa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe.