Fitilar Anti Kamala

Ina ɗan shekara tara muna zaune a unguwar Sentul, a ƙasar waje. Baba yana karatu a jami'a, Umma tana aiki, saboda haka idan na taso makaranta gidan maƙwabciyarmu Anti Kamala nake wuni. Addinin Hindu take bi. A kusurwar falonta akwai fitilar tagulla mai ƙamshin man riɗi, a gaban wani ɗan mutum-mutumi mai kan giwa, wanda ta ce shi ke kawar musu da cikas.

Ran nan ta kunna fitilar da rana tsaka, don 'yarta tana naƙuda mai wuya a wani gari. Na san haka sarai. Amma tana shiga kicin na hure wutar, ina ganin gwaninta na yi.

Da ta dawo ta ga hayaƙi, sai ta juyo ta dube ni. Na san idan ta kore ni, Umma ba ta da inda za ta bar ni.

"Iska ce, Anti," na ce.

Tagogin kuwa duk a rufe suke.

"Mu ba ma hure ta da baki, da fure muke kashe ta," in ji ta. Ta gyara lagwanin ta sake kunnawa. Sannan ta ɗauko tawul wankakke ta shimfiɗa mini ta wajen alƙibla.

"La'asar ta yi. Kai ma ka roƙa wa 'yata, ka ji?"

Na yi sallar nan ina kuka. Ba ta taɓa faɗa wa iyayena ba, ni kuma ban taɓa ba ta haƙuri ba. Har yau idan na ji ƙamshin man riɗi, kunya da godiya tare suke zuwar mini.