Rabin Ƙiftawar Ido

Uban yana tsaye a bakin ƙofar ɗakin 'yarsa lokacin da muryar shugaban aikinta ta fito daga kwamfuta: "Layi uku na rubutun manhaja kin mayar da su sittin. Wa zai iya karanta wannan?"

"Amma manhajar ta ƙara sauri," in ji ta.

"Da rabin ƙiftawar ido, Malama."

Shi bai san layi ba, bai san manhaja ba. Ya dai san mako uku ke nan ba ta fito sun ci abinci tare ba, alhali su biyu ne kawai a gidan. A zuci ya roƙi Allah ya ba ta nasara, a gama, ta fito.

Shugaban ya nisa. "To, na amince. Amma tunda ke kaɗai kika gane shi, daga yau sashen naki ne. Ko tari ya yi, ke za a kira."

Ta juyo tana murmushi. "Baba, na yi nasara. Ɗan ja mini ƙofar nan."

Ya ja ƙofar a hankali, don kada ƙararta ta dame ta.