Takalman Hawan Keke

Kamfanin tallace-tallace da dubban mutane suka kai ƙara kan bibiyarsu a intanet ya amince zai biya diyya, ya goge bayanan duk wanda aka cike wa takarda. Ranar Litinin takardar ta iso gidan wata dattijuwa a Utrecht, da sunan mijinta da ya rasu bara.

"Mama, sa hannu mana," in ji 'yarta. "Leƙen asiri fa suka yi wa Baba."

"Su kaɗai ne ba su ji ya rasu ba," in ji dattijuwar.

Kowace safiya takan buɗe kwamfutarsa. Tallan kamfanin ya gaishe shi da sunansa a allon, ya jera masa takalman hawan keke daidai ƙafarsa, kamar yanzu zai shigo jiƙe da ruwan sama ya zaɓa.

Juma'a wa'adin zai cika. Takardar tana ƙarƙashin kofin gahawarsa.