Horon Mato a Gindin Gawo

Tun ranar da rediyo ta sanar cewa wani kamfanin narkar da ƙarfe na Aljeriya zai zo Madawa ɗibar ma'aikata, matan Tama suka daina ganin ƙoransu. Samari sun kwashe su, sun huda, sun zura igiya, sun kifa a ka. Mato ne ya ce ba mai tsayawa gabansa ba hular kwano, kuma a Tama maganar Mato kan luzin, wato masana'antar, ba a ja da ita.

Shi kaɗai ne ɗan garin da ya taɓa aiki a masana'antar. Wata uku ya yi, ya dawo ta jirgin sama, kuma kamfani ne ya biya. Ya zo da takalmi mai bakin ƙarfe, da ɗan ɗingishi, da gira guda da ta ƙi tsirowa. Yakan ce har gobe ba baƙon ma'aikacin da ake bari ya taɓa ko ƙusa a can sai an zaunar da shi ya kalli yadda Mato yake aiki. Ya rantse, kuma kowa ya san ba ya rantsuwar ƙarya.

Shafi'i ya fi kowa matsuwa. Albasarsa ta ruɓe a rumbu bana, ga mata da goyo. An ce sai wanda ya ci jarrabawar kiyaye haɗari za a ɗauka, shi kuwa ko ƙofar lakwal, makarantar boko, bai taɓa shiga ba. Yayarsa Jamila, bazawarar da Mato ya daɗe yana yi wa zarya, ta yanke magana: in ƙanenta ya ci, a turo manya.

Sai Mato ya buɗe makaranta a gindin gawon fadama.

Ya koya masu hawan tsani da hannu biyu, ba da kofin shayi a ɗaya ba. Ya hana su bi ta ƙarƙashin injin ɗaga kaya, ko da inuwar wurin ta fi ko'ina daɗi. Jan maɓalli kuwa, ya ce, ba na kunna fanka ba ne, luzin gaba ɗaya yake tsayarwa. Samari suna maimaitawa kamar karatun allo, suna tuntsura dariya, ƙorai na karo da juna.

Da ya zo kan masauki ya fi zaƙewa. Ya zana gado mai hawa biyu a ƙasa, ya ce wanda ya samu na sama kada ya manta da hakan idan ladan ya kira asuba. Ba a shanya wando kan wayar wuta. Ba a dafa shayi da gas a ƙarƙashin gado.

"Bargo daga wajen ƙafa shike fara cin wuta," in ji shi. "Ƙofar ɗakin ko jawo ta a kai, ba tura ta ba. Ku riƙe wanga da kyau."

Shafi'i ya ce lallai ilimi kogi ne.

Ranar jarrabawa mota ta cika maƙil, ana waƙa har Madawa. A bakin tasha Mato ya naɗe fuskarsa da rawani, ya ce mura ke damunsa, zai jira su wajen mai tsire.

Wakilin kamfanin, wani dogo mai suna Fahad, ya zauna da tafintansa a zauren matasa, yana kiran mutane ɗaya bayan ɗaya. 'Yan wasu garuruwan suna inda-inda. 'Yan Tama kuwa kafin tafinta ya rufe baki sun ba da amsa. Shafi'i har ya ƙara masa da bayanin yadda ƙofar masaukinsu take buɗewa. Fahad ya ajiye alƙalami, ya tambaya wa ya koyar da su.

Da aka karanta sakamako, babu ɗan Tama ko ɗaya da ya faɗi.

Suka kwasa a guje zuwa tasha. Suka sungumi Mato da tsinken tsire a hannu, suka aza shi a kafaɗa, yana shure-shure yana cewa shi ba ya son yabo. A ƙofar zaure rawanin ya warware.

Fahad ya miƙe tsaye. Ya dubi girar, ya dubi ƙafar, ya rufe baki da hannu, kafaɗunsa na rawa. Sannan ya kama hannun Mato da hannu biyu, ya roƙi a ɗauke su hoto tare, don abokan aikinsa ba za su yarda ya gan shi ido da ido ba. Tafinta ya fassara cewa a luzin ɗinsu ko darakta bai kai wannan mutum suna ba.

Zaure ya kaure da tafi. Jamila, wadda ta biyo su da fura, ta rangaɗa guɗa, ta ratsa maza ta zauna daf da kujerar da aka dasa Mato a sahun gaba. Shafi'i ya riƙe masa hannu gam don kada kunya ta sa ya sulale.

Aka rufe tagogi, aka kunna majigi. Tafinta ya ce wannan shi ne fim ɗin da ake nuna wa kowane baƙon ma'aikaci kafin ya fara aiki, sunansa "Kada Ka Yi Haka". Ba wasan kwaikwayo ba ne, kyamarorin tsaro ne suka ɗauka, kuma duk ɓarnar da ke ciki mutum ɗaya ne ya tafka ta cikin wata uku.

Bango ya haskaka, sai ga Mato da girarsa biyu cif, yana hawan tsani da kofin shayi a hannu.