Tulun Bayan Ƙofa

Sagiru, tun jiya da ka ba ni labarin aikinku hankalina bai kwanta ba. Ka ce a kwamfutar da kuke tara bayanan mutane hanya biyu ce ta nemo abu: ko dai a riƙe gurbin da aka ajiye shi, ko kuma a ba shi lamba tasa ta kansa, wadda ba ta canjawa ko an matsar da shi. Ka ce ta farkon ta fi sauri, ita kake so. Ni ban san kwamfuta ba, amma ga wani misali, ka auna da kanka.

An yi wata tsohuwa a wani ƙauye can arewa, inda damina ba ta daɗewa. Tun rasuwar mijinta ita ke riƙe da irin shukar gidan. Tulu biyu take zubawa, ta gauraya da toka saboda ƙwari, ta liƙe bakinsu da laka. Ɗaya na gero ne, mai nuna da wuri, shi ake shukawa a babbar gona, shi gida ke ci shekara. Ɗayan na maiwa ne, wadda ba ta fid da kai sai damina ta yi nisa, ita kuwa ɗan fegin da ke bakin rafi kawai ake ba ta, inda ƙasa ke riƙe laima. Tulunan nan hannu ɗaya ya gina su, wuta ɗaya ta gasa su, ko mai ginin ba za ta bambanta su ba. Maƙwabciyarta ta sha ce mata ta ɗaura wa ɗaya tsumma a wuya, ko ta zana masa alama da wuƙa. Sai ta yi dariya ta ce shekara talatin na bayan ƙofa gero ne, na ƙarshen gado maiwa, ko ido rufe ba za ta ɓata ba.

Wani rani 'yarta ta haihu a wani gari, ta tafi yi mata zaman jego na kwana arba'in. Ɗanta da matarsa suka ga gara ta ci bangon ɗakinta, suka ce bari su faranta mata. Suka fitar da kaya tsaf, aka yi yaɓe, aka yi sabon daɓe, matar ta mai da komai ciki. Tulu ɗaya bayan ƙofa, ɗaya ƙarshen gado, kamar yadda ta saba gani. Da tsohuwa ta dawo ta yi ta sa musu albarka. Ba wanda ya tuna ya gaya mata an ɗaga tulunan, ita ma ba ta tambaya ba, tunda ga su nan a wurarensu.

Ruwan shuka ya sauka, ɗan ya zo neman iri, ta nuna masa na bayan ƙofa ta ce ya kai babbar gona. Ƙwaya ce ƙarama, toka ta rufe ta, idon tsohuwa kuma ya fara rauni. Aka shuka, na ƙarshen gado kuma aka kai fegin rafi. Tsiro ya fito gwanin sha'awa, aka yi noman farko, aka yi maimai. Gonar ta fi ta kowa kore, ta fi ta kowa tsayi, masu wucewa na cewa bana gidan nan sun dace. Sai geron maƙwabta ya fara fid da kai, nasu shiru, ganye kawai yake ƙarawa. Ɗan ya ce wataƙila taki ne ya yi yawa.

Wata safiya tsohuwa ta dogara sanda ta gangara bakin rafi. Nan ta tarar da ɗan fegin da ta ce na maiwa ne ya cika da zangarniya, tsuntsaye har sun fara sauka. Gero ne. Ta nemi wuri ta zauna a kan kunyar gona. Tun a nan ta san abin da ke tsaye a babbar gona, ta kuma san damina ba za ta jira shi ba.

Ba ta jira ba kuwa. Ruwa ya ɗauke a lokacin da ya saba, maiwar ta bushe a tsaye ba ƙwaya ko ɗaya, aka sare ta aka zuba wa dabbobi. Fegin rafi ya ba da dami bakwai, gidan kuwa baki tara ne. Tun ba a gama kaka ba ɗan ya ɗaure kayansa ya tafi cin rani. Matarsa ta zo ta durƙusa tana kuka, ta ce ita ta musanya su ba da sani ba. Tsohuwa ta ɗago ta ta ce, "Tashi, 'yar nan, ke gyara kika yi. Ni ce na haddace wuri, ban shaida abin da ke wurin ba."

Da matar ta fita, sai tsohuwa ta jawo wuƙa ta zana layi ɗaya a wuyan wannan tulu, biyu a wuyan wancan. Duka biyun ba komai a ciki.

Abin da ya fi ba ni tsoro, Sagiru, tulun nan bai ɓace ba. Da ɓacewa ya yi, da an neme shi tun kafin shuka. Yana nan daram inda aka ce yake, cike da iri, sai dai ba shi ba ne. Kuma kai bayanan mutane aka ba ka amana. Hausawa dai sun riga sun faɗa: kama da wane ba wane ba ne.