Fankar da Ta Hana Inna Cin Tuwo

Tun da aka hana zuba ruwa a banɗaki saboda ƙarancin ruwa, kowane gida ya koma ga toka da fanka. Ta gidan Barau kuwa, da an shiga sai ta kama gurnani, har zaure a san akwai mutum ciki. Kunyar haka ta sa surukarsa, Inna Kande, ta kwana biyu ba ta taɓa tuwo ba, gudun shiga banɗakin.

Ya kashe fankar, wari da ƙudaje suka cika gida. Sai ya ɗauko Asabe maginiyar tukwane.

"Kai da injinka mai tonon asiri," in ji ta.

Ta kafa wa ramin banɗakin dogon bututun ƙasa mai baƙin fenti, don rana ta gasa shi ya ja iska sama, ta ɗaure bakinsa da ƙyallen rariya. Lakar liƙewa kuwa da rabonta na ruwan shan ranar ta kwaɓa. Barau ya tsaya yana kallon hannunta tana liƙewa.

Da la'asar babu wari, babu ƙara. Ya jiyo Inna a ɗaki tana tambayar matarsa, "Ke, tuwon nan akwai saura?"